Darasi na Tara: Masallacin Juma'a na Zariya da Ilimin Ginin Ƙasa

A wannan darasi za mu ɗauki gini guda ɗaya mu bi shi tun daga kududdufin da aka haƙo ƙasarsa har zuwa tulluwar da ke samansa. Ginin shi ne tsohon Masallacin Juma'a na Zariya, wanda aka gina daura da fadar Sarkin Zazzau. Za mu leƙa Katsina da Agadas da wani ƙauye a yankin Tawa, amma Zariya ce masaukinmu. Idan a ajinku akwai magini, ko ɗan gidan magina, ku matso da shi gaba, domin yau darasin nasa ne, kuma akwai wuraren da zai fi littafin bayani.

Da yawanmu mun taso da tunanin cewa ginin ƙasa na marasa hali ne, wanda ya samu kuɗi sai ya rushe ya sa bulo. Kafin ku yanke wannan hukunci a kan masallacin Zariya, ku bari ku ji yadda aka yi shi.

Zazzau a lokacin da aka yi ginin

Shehu Usmanu ɗan Fodiyo ya fara jihadi a 1804. 'Yan shekaru bayan haka Malam Musa ya shiga Zariya da tutar Shehu, Sarkin Zazzau Makau ya fita ya yi kudu, kuma zuriyar gidansu ce ta kafa garin Abuja na asali, wanda yanzu ake kira Suleja. Malam Musa ya yi sarauta har 1821, Yamusa ya gaje shi har 1834, sannan Malam Abdulkarimu ya hau, ya riƙe ƙasar har 1846. Shi ne tushen gidan Katsinawa a sarautar Zazzau. A zamaninsa, cikin shekarun 1830, aka gina masallacin da muke magana a kai.

Masallacin Juma'a a wancan zamani ya wuce wurin salla kawai. A nan sarki ke bayyana gaban jama'arsa kowane mako, a nan ake karanta huɗuba, a nan ake sanar da abin da ya shafi gari. Sabuwar gwamnatin da ta zo da da'awar gyaran addini ba ta da abin da zai nuna matsayinta kamar masallaci. Shi ya sa aka haɗa na Zariya da ɗakin shari'a a jikinsa, da zaurukan shiga inda ake alwala, aka kewaye duka da katanga. Mai ƙara da wanda ake ƙara, da alƙali, da liman, da sarki, duk harabar guda ce ke tara su.

Malaman jihadi ba masu son ƙawa a masallaci ba ne. Misalin da ke gabansu shi ne masallacin Manzon Allah (SAW) a Madina, wanda aka yi da tubalin ƙasa, aka kafa kututturan dabino a matsayin ginshiƙai, aka rufa da ganyensa, har ruwan sama kan zubo ciki. Saboda haka masallatan farko na Sakkwato shimfiɗaɗɗen rufi gare su bisa ginshiƙai masu yawa, ba ado, ba doguwar hasumiya. Maginin Zariya bai fita daga wannan iyaka ba. Daga waje ginin nasa ba ya ɗaukar ido sosai, kuma bai yi masa doguwar hasumiya ba. Gwanintar duk ya kai ta ciki ne.

Babban Gwani

Sunansa Muhammadu Durugu, wasu kuma na kiransa Malam Mika'ilu, amma laƙabin Babban Gwani ya danne sunan yanka. Har yau akwai unguwa a birnin Zariya da ke ɗauke da wannan suna, kuma gidansu gidan magina ne. Labarin baka ya ce Sarkin Musulmi Muhammadu Bello ne ya ba shi matsayin shugaban magina. Ana kuma danganta masa wasu gine-gine a ƙasar Bauchi, ciki har da gidan Madaki da ke Kafin Madaki.

Akwai labarin da kusan duk Bazazzagi ya sani, cewa bayan ya gama na Zariya ya je Birnin Gwari ya yi wani masallacin, sai sarkin can ya sa aka kashe shi don kada ya je ya yi wa wani sarki wanda ya fi nasa. Irin wannan labari ana ba da shi a kan manyan magina a ƙasashe da dama, don haka ku riƙe shi a matsayin labarin baka. Abin da yake nuna mana tabbatacce shi ne yadda mutane suka ɗauki aikin mutumin: sun ga abin da suke jin ba za a iya maimaitawa ba.

Kada kuma mu manta da waɗanda ba a riƙe sunansu ba. Manyan ayyukan sarakuna a wancan zamani da ƙarfin bayi da aikin gayya ake yin su. Gwani ɗaya ne ya tsara, amma hannuwa masu yawa ne suka haƙa, suka kwaɓa, suka ɗauko ruwa a ka.

Daga kududdufi zuwa bango

Ba kowace ƙasa ake gini da ita ba. Magini na neman jar ƙasa mai danƙo da ɗan tsakuwa, wadda ake kira birji. Ramukan da aka haƙo ta su ne kududdufan da kuke gani a tsofaffin birane, kuma girman kududdufi na gaya muku yawan ginin da aka yi a unguwar. Idan an haƙo, sai a zuba ruwa, a sa ramno ko wata busasshiyar ciyawa, wani lokaci da kashin doki, a tattake da ƙafa. Ba a aiki da ita ranar. Ana barinta ta kwana ta ruɓa, a dawo a sake jiƙawa a sake tattakewa, har sai ta yi laushi ta kama jikinta. Magini mai gaggawa a wannan mataki shi ne wanda bangonsa ke tsagewa tun kafin damina ta biyu.

Daga nan sai tubali. Da hannu ake mulmula shi, gindinsa da faɗi, kansa a tsuke, a jera a rana ya bushe. Shi ya sa gini aikin rani ne. In an zo ɗora bango, ana jera tubalan a tsaye, gindi a ƙasa, kai a sama, a cike tsakaninsu da kwaɓaɓɓiyar ƙasa, a lulluɓe, sannan a jera wani sahu a kai. Wanda ya taɓa tsayawa wurin irin wannan aiki ya san yadda abin yake: magini na zaune a kan bango ya raba ƙafa, yaro na ƙasa yana cilla masa tubali ɗaya bayan ɗaya, yana cafewa ba tare da ya ko duba ba, ya dasa, ya miƙa hannu a cillo masa curin ƙasa, ya maka, ya shafe da tafin hannu, ya ja baya kaɗan. Ba magwaji, ba igiyar awo a kowane sahu. Ido ne da sabo. Kuma ba a ɗora sahu da yawa a yini guda, dole a dakata na ƙasa ya sha iska, in ba haka ba nauyin na sama zai sa ya yi ciki.

Bangon babban gini yana da kauri sosai a gindi, yana sirancewa yayin da yake hawa. Wannan kauri na da amfani biyu. Yana ɗaukar nauyi, kuma yana tare zafi: ƙasa na shan zafin rana a hankali, ba ya isa ciki sai dare ya yi. Wanda ya taɓa shiga tsohon soro da azahar a watan Afrilu, ya fito ya shiga ɗakin bulo mai rufin kwano, ba ya bukatar a yi masa dogon bayani.

Matsalar rufi

A nan ne ilimin yake, don haka mu dakata sosai.

Ɗora bango abu ne da kowane magini zai iya. Rufe wuri mai faɗi shi ne wuya. Ƙasarmu ba ta da dogayen itatuwa miƙaƙƙu irin na kurmi, kuma mafi yawan waɗanda muke da su gara na cinye su. Abin da ya cece mu shi ne giginya. Ana sare ta, musamman namijin, a faskara kututturen a tsaye, a fitar da azara. Azara na da tauri, gara ba ta cika damunta ba, tana iya shekaru masu yawa a cikin bango. Amma tana da iyaka: in aka shimfiɗa ta aka ɗora mata nauyin ƙasar rufi, ba ta jure faɗin da ya kai mita 2 sosai ba tare da ta lanƙwashe ba.

To, masallacin Juma'a kuwa wuri ne na sahu, kuma sahu na son fili. Hanya mai sauƙi ita ce a cika ɗakin da ginshiƙai kusa da kusa, kowane biyu azara ta haɗa su. Haka aka yi a masallatai da yawa, har a manyan masallatan ƙasar Mali. Illar ita ce ginshiƙan na cinye wuri, suna yanke sahu, suna tare wa mamu ganin liman, ciki kuma ya yi duhu.

Maginan Hausa sun samo wata mafita, ita ce baka, wadda aka fi sani da bakan gizo. Ga yadda ake yinta. Tun bango bai kai ƙarshe ba, sai a dasa azara a cikinsa, kanta ya ɗan karkato zuwa cikin ɗaki. A yi haka a bangon da ke fuskantarsa. A danne gindinsu da ƙasa, a bari ya bushe. Sannan a kawo wasu azarorin a ɗaure su da igiya a kan na farko, su zarce su, su ƙara karkatowa. A sake lulluɓewa da ƙasa, a sake jira. Haka za a yi ta yi, mataki bayan mataki, kowane ɓangare na miƙo hannu zuwa ɗan'uwansa, har su haɗu a tsakiya a sama, a ɗaure su da azarar da za ta kwanta a kansu duka biyu. In an yaɓe an shafe, mai kallo daga ƙasa zai ga lanƙwasa guda ce sumul, ba zai san guntayen itace ne a ciki ba. Waɗanda ke aikin kankare a cikinku za su gane abin nan take: aikin da rodi ke yi a cikin kankare shi azara ke yi a cikin ƙasa. Ƙasa na jure dannawa, itace na jure ja, kowanne na rufa wa ɗaya asiri.

Da wannan dabara itacen da ba ya iya rufe mita 2 sai ya rufe ɗaki mai faɗin mita 7 ko 8. Kuma ba baka ɗaya ake yi ba. Ana tayar da su daga bango huɗu su gicciye juna a sama, kamar yadda igiyoyi ke haɗuwa a bakin guga, abin da magina ke kira ɗaurin guga. Bakunan sun raba saman ɗakin zuwa ƙananan gurabe, kowane gurbi bai fi ƙarfin azara ba. Sai a jera gajerun azarori a cike guraben, sau da yawa a karkace ta yadda jerin kansa zai zama ado. A shimfiɗa zana ko asabari a kai don kada ƙasa ta zubo, a ɗora ƙasa, a daddaɓe. Tun da tsakiya ta fi gefe tsawo, rufin na fitowa a kumbure daga waje. Wannan kumburin shi ne tulluwa, kuma amfaninsa na farko shi ne ruwa ba ya kwanciya a kansa.

Ku lura da wani abu: duk wannan ana yinsa ne ba tare da zane a takarda ba. Lissafin nauyi, da inda baka za ta fara, da yawan azarar da kowane mataki ke bukata, duk a kan gwani suke, ya koya daga ubansa ko maigidansa, yana yaro mai cilla tubali.

Cikin masallacin

Babban Gwani bai ƙirƙiro bakan gizo ba, ya tarar ana yi a soraye da zaurukan sarakuna. Abin da ya yi shi ne ya kai dabarar inda ba a taɓa kai ta ba. Babban ɗakin salla ya rufe shi da tulluwa 6, a kan manyan ginshiƙai da bangaye. Daga jikin kowane ginshiƙi bakuna na tasowa ta fuskoki daban-daban, wasu a haɗe biyu-biyu ko uku-uku, su buɗe a sama, su sadu da na ginshiƙin da ke gaba. Ginshiƙan ba siffarsu ɗaya ba, kowanne an yi shi gwargwadon nauyin da zai ɗauka da yawan bakunan da za su fito daga gare shi. Mutum na tsaye a sahu, in ya ɗaga kai, ba zai iya cewa ga inda ginshiƙi ya ƙare rufi ya fara ba.

Adon da aka yi a ciki kaɗan ne, kuma da ƙasar aka yi shi tun tana ɗanya: layuka masu zurfi da suka bi tsawon ginshiƙi, da zane mai kusurwa uku, da da'ira. Babu hoton mai rai. Haske na shigowa ta ƙofofi da ƙananan tagogi, ya kwanta a kan layukan nan, inuwa ta fito da su. A ganina wannan kamewa ita ce babbar shaidar gwanintarsa. Maginan da suka zo bayansa, musamman a ƙarni na 20, sun cika fuskar gidajen attajirai da zane har ba masaka tsinke, da keke da agogo da jirgin sama. Yana da kyau a wurinsa. Amma shi Durugu ya san masallaci yake ginawa, ya bar ƙirar ginin ta zama ita ce adon.

Ruwa

Ginin ƙasa ba ya tsoron rana, ba ya tsoron shekaru. Ruwa yake tsoro, ta sama da ta ƙasa. Zariya kuwa ta fi Kano da Katsina samun ruwan sama, don haka aikin ya fi wuya a can.

Kariyar farko ita ce laso. Ana haɗa shi da katsi, wato dattin da ke kwantawa a gindin karofi bayan an daɗe ana rini, wanda ake kwashewa a busar a ƙona a daka. A zuba gashin jima, wanda majema ke karcewa daga fata, a kwaɓa da ruwan dafara mai yauƙi. Abin da zai fito ana shafe rufi da shi, ya bushe ya yi tauri, ruwa ya riƙa zamewa. Bango kuma ana shafa masa makuba, wadda ake samu daga kwasfar ɗorawa, ita ce ke ba tsofaffin gidaje launin nan mai duhu-duhu. A gefen rufi ana ɗaga rawani, a huda shi a sa indararo mai tsawo don ruwan ya faɗi nesa da gindin bango. Zankwayen da ke kusurwa kuma, ban da kyau, suna ƙara nauyi a inda ruwa ya fi ci, magini kuma kan sami abin kamawa ko ɗaura igiya in ya hau gyara.

Ku sake duba kayan lason nan. Rufin masallaci na dogara da marina, da majema, da mai shiga daji ya nemo dafara, da mai faskaren giginya. Ranar da karofin unguwa ya mutu, katsi ya yanke. Ranar da aka sare giginyoyin fadama ba a dasa wasu ba, azara ta yi tsada. Sana'o'in nan a sarƙe suke, kuma lalacewar ginin ƙasa a garuruwanmu ta fara ne tun daga lalacewarsu, kafin ma a zo maganar siminti.

Kariya ta ƙarshe, wadda ta fi duka, ita ce yaɓe. Kowace shekara kafin ruwa ya sauka sai a hau a duba, a toshe tsaga, a share bakin indararo, a maye abin da daminar bara ta wanke. Hausawa sun ce sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga, kuma a wurin magini wannan ba karin magana ba ce kawai, aikin kowace bazara ce. A Jenne ta ƙasar Mali, inda babban masallacinsu na yanzu ya samo asali daga 1907, yaɓen shekara biki ne na gari gaba ɗaya, maza na hawa, mata na kawo ruwa, yara na kwaɓa.

Katsina, Agadas da Yama

Ba duk masallatan yankinmu ne suka guji tsawo ba. Hasumiyar Gobarau a Katsina, mai tsawon kusan mita 15, ana danganta asalinta da zamanin Sarki Muhammadu Korau a ƙarni na 15, lokacin da Katsina ke zama garin malamai. Masallacin da take jikinsa ya tafi, ita ta rage, an kuma sha gyara ta. Ta yi aikin kiran salla, ta kuma yi aikin hangen mahara.

Ta Agadas ta fi ta tsawo, mita 27, kuma ta ƙasa ce tun daga gindi har kai. An kafa masallacin wajen 1515, aka sake gina hasumiyar a 1844, shekaru kaɗan bayan aikin Zariya. Tana da faɗi a ƙasa, tana tsukewa a sama, itatuwa sun fito a jikinta sahu-sahu. Baƙo zai ɗauka ado ne. Amma itatuwan suna ɗaure ginin, kuma su ne matakalar masu yaɓe: an gina hanyar gyara a jikin abin da za a gyara. A 2013 hukumar UNESCO ta sa tsohon birnin Agadas cikin wuraren tarihi na duniya.

Wanda ya fi dacewa da darasinmu shi ne masallacin Yama, wani ƙauye a yankin Tawa a Jamhuriyar Nijar, domin shi ba tsoho ba ne. A 1962 mutanen garin suka sa wani magininsu, Falke Barmu, ya yi musu masallacin Juma'a. Kowa ya kawo abin da yake iyawa, wani tubali, wani ruwa, wani itace, wani hatsi. Da farko shimfiɗaɗɗen rufi aka yi. A 1975 ya sauya rufin ya sa bakuna da tulluwa a tsakiya, daga baya ya ƙara hasumiya huɗu a kusurwoyi, ba wadda ta yi kama da 'yar'uwarta. A 1986 masallacin ya sami lambar yabo ta Aga Khan, wadda ake ba fitattun gine-gine a duniyar Musulmi. Falke Barmu manomi ne mai gini, a zamanin da siminti ya riga ya cika kasuwa.

Abin da ya sami na Zariya

Tun tsakiyar ƙarni na 20 manyan garuruwa suka fara sauya masallatansu. A Kano, inda tarihin masallacin Juma'a ke komawa zamanin Muhammadu Rumfa (1463 zuwa 1499), an gina sabo na siminti mai ƙubba da hasumiya biyu a farkon shekarun 1950, zamanin Sarki Abdullahi Bayero. Dalilan ba na banza ba ne. Jama'a ta ƙaru, tsofaffin ɗakunan sun yi kaɗan, alhazai sun dawo da siffar masallatan da suka gani a gabas, kuma aikin gayyar da ke riƙe da yaɓen shekara ya yi rauni.

Zariya ta bi wata hanya ta tsakiya. A shekarun 1970 aka yi sabon gini na zamani ya lulluɓe tsohon ɗakin sallar, aka bar ginshiƙan Babban Gwani da bakunansa a ciki, amma wasu sassan harabar ta asali suka tafi. Kafin haka wani masanin gine-gine ɗan ƙasar Folan, Zbigniew Dmochowski, ya auna masallacin ya zana shi dalla-dalla. Da wannan awo aka gina kwafinsa a gidan adana gine-ginen gargajiya da ke Jos. Wanda ke son ganin yadda harabar take a da, can zai je.

Ranar Juma'a 11 ga Agusta 2023, ana cikin sallar La'asar, wani sashe na masallacin ya rufta a kan masallata. Mutane da dama sun rasu, wasu sun ji rauni. Allah ya jiƙansu da rahama. Mai Martaba Sarkin Zazzau, Malam Ahmed Nuhu Bamalli, ya shaida wa manema labarai cewa an ga tsaga a bango kwana guda kafin nan, ana shirin kawo injiniyoyi su duba. Daga baya aka kafa asusun sake gina masallacin.

Bayan irin wannan musiba mutane kan ce, ai ga shi nan, ginin ƙasa ba abin yarda ba ne. Rai ya fi gini, wannan ba gardama, kuma duk ginin da ya nuna alamar haɗari a fitar da mutane tukuna, ko na wane gwani ne. Amma ginin da ya yi kusan shekara 190 yana ɗaukar jama'a kowace Juma'a ba za a kira shi mai rauni ba. Gine-ginen kankare nawa muka ji sun rufta a Legas da Abuja da Kano tun ba a gama su ba?

Akwai kuskure guda da ya yaɗu a garuruwanmu wanda ya kamata kowa a ajin nan ya sani, domin da yawa muna zaune a gidajen ƙasa. Shi ne shafe bangon ƙasa da siminti a ɗauka an huta da yaɓe. Ƙasa na shan laima tana kuma fitar da ita. Siminti ba ya barinta ta fita. In ruwa ya sami ƙaramar kafa ya shiga bayan simintin, ko ya taso daga gindi, sai ya zauna a ciki, ƙasar ta yi laushi, azara ta fara ruɓewa, gara ta samu hanya. Daga waje bango na nan sumul, fenti na ƙyalli. In ka ƙwanƙwasa da yatsa sai ka ji yana amsawa kamar ba komai a bayansa. Bangon da aka yaɓe da ƙasa yana nuna ciwonsa a fili tun yana ƙarami, mai gida ya gani ya gyara da kwando biyu na birji.

Tambayoyi

1. A zamanin wane sarki aka gina Masallacin Juma'a na Zariya, kuma wa ya gina shi?
2. Me ya sa azara kaɗai ba ta iya rufe ɗaki mai faɗi? Yi bayanin yadda ake ɗaura bakan gizo da kalmominka, kamar kana koya wa yaron da ya zo koyon gini.
3. Waɗanne sana'o'i ne ke ba magini kayan laso? Cikinsu wanne ne har yanzu ake yi a garinku?
4. Mene ne amfanin itatuwan da suka fito a jikin hasumiyar Agadas?

Tattaunawa a aji

Masallacin unguwarku na ƙasa ne, ya kai shekara 100, ya yi wa jama'a kaɗan. Wani mai hali ya ce zai rushe ya gina na bulo mai hawa biyu. Ku kasu gida biyu, wasu su goyi bayansa, wasu su kawo wata shawara. Kowane ɓangare ya faɗi wa zai ɗauki nauyin gyara bayan shekara 10.

Aikin gida

Ku nemi tsohon masallaci, ko zaure, ko soro mafi daɗewa a garinku. Ku nemi izinin liman ko mai gidan kafin ku shiga. Ku auna kaurin bangon a bakin ƙofa da taƙi, ku ƙirga bakunan rufin in akwai, ku duba inda indararo ke zubar da ruwa da halin da gindin bangon ke ciki a wurin. Sannan ku tambayi dattijan unguwa wa ya gina shi, da shekarar da aka yi masa yaɓe na ƙarshe. Ku rubuta abin da kuka samu a layi 10, ku zo da shi darasi na gaba.